Kwalba ta Goma Sha Uku

Shekara bakwai ke nan
ina hawa babur daga Maigana in gangaro bakin Galma
da kwalabe goma sha biyu a jakar goyo
da littafin awo wanda bangonsa ya sha zufa.
In ɗebi ruwan kwalbati, in ɗebi na rijiyar masallaci,
in tsinki tumatir uku a fadamar Yahuza,
in rubuta rana, in rubuta wuri.
Yara sun laƙaba mini Mai-kwalba.

Bana da albishir na zo.
Na baje takarda kan tabarma, na danne ta da dutse,
na ce ku dubi layin nan yadda yake gangarowa
kamar akuya ta hango dusa.
A da jarka guda ake juye wa gona,
yanzu 'yar kwalba ce, a aljihun riga ma ta zauna.
Mai unguwa ya shafa gemu, ya ce madalla.

Hansatu mai koko ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Tana juya ludayi ta ce,
"Mai-kwalba, da me ka auna?
In da sikeli ne, ai buhun gero ya fi kunama nauyi.

Ni ma ina da lissafi, ba dai a takarda ba.
Daminar da na haifi Cindo kwaɗi ba sa barin mu barci.
Bara murya huɗu na ƙirga.
Bana biyu, ɗayan ma kamar mai mura.
Amya tara malam ya ɗaure a ɗorawa,
biyu ke da zuma,
sauran ƙadangaru sun tare.
Wannan a wane layi ka sa shi?"

Ban amsa ba, don Yahuza ya iso
da famfon feshi a baya, tsumma a hanci,
rigarsa sharkaf daidai inda tankin ke yoyo.
Ya karɓi kofi da hannu biyu
don ɗaya ba ya tsayawa wuri guda.
Ya ce rana ce.
Kullum rana ce.

A ɗakin shan magani Rifkatu ta buɗe mini nata littafin:
jiri, amai, ido ja, dalala,
duk an tura su ƙarƙashin zazzaɓi
don nan ne kawai fom ɗin ya bar gurbi.
Watan feshi shafi uku,
watan girbi rabin shafi.

Littafi uku a gari ɗaya,
nawa, nata, da wanda Hansatu ke ɗauke da shi a ka,
ba su taɓa zama kan tabarma ɗaya ba.

Da dare na kunna tocila na sake lissafi.
Na haɗa yawa da ƙarfin dafi,
da kwanakin da yake yi a ƙasa bai mutu ba,
da taku nawa ne daga kunya zuwa rijiya.
Sai layin nan mai ladabi
ya tsaya, ya fasa kai.

Ɗan hakin da na raina.

Fom ɗin ofis ba shi da gidan kwaɗi.
Na ɗauki rula na ja masa ɗaya a gefe,
na rubuta: biyu.
Ƙasa da shi: amya, biyu cikin tara.
Ƙasa da shi: hannun Yahuza.
Ban san da me ake auna wannan ba,
na bar wurin fari.

Da safe, ina ɗaure kaya,
ga 'yar Cindo da tallan man gyaɗa.
Kwalbar na gane, da jan zanen a gindinta,
an wanke ta fes, an kankare hoton ƙoƙon kai.
Ta ce ɗari biyar ne, amma a maido kwalba.
Na ba ta dubu na ce har kwalbar.
Ta dube ni kamar mai taɓin hankali,
ta ƙulle kuɗin a bakin zane.

Na hau tudu da kwalabe goma sha uku,
suna ƙwanƙwasar juna a bayana har Maigana.